Farfesa Abdou Moumouni Dioffo: Ɗan Tasawar da ya sa rana aiki

Sunan Abdou Moumouni ba baƙo ba ne a kunnen ɗan Nijar. Shi ne sunan da babbar jami'ar ƙasar da ke Harobanda a birnin Yamai take ɗauke da shi tun shekarar 1992, kuma dubban likitoci, malaman makaranta da ma'aikatan gwamnati suna da shi a rubuce a saman takardun digirinsu. Sai dai in ka tsayar da matashi a Maraɗi ko Damagaram ka tambaye shi aikin da mutumin ya yi har aka ba shi wannan girma, da wuya amsar ta wuce cewa wani babban malami ne na da.

Malami ne, babu shakka. Amma kusan shekara talatin na ƙarshen rayuwarsa ya ƙarar da su ne a kan tambaya guda: ta yaya ƙasar da ba ta da teku, wadda ke sayo mai da wutar lantarki daga waje, za ta mori ranar da ke dukanta tun safe har magariba? Tambayar ta dawo yau da sabuwar riga. Tsadar man fetur ta sa ana ta zancen motoci, babura da adaidaita masu aiki da batir, kuma duk wanda ya ji zancen a Nijar abin da yake fara tambaya shi ne da wace wutar za a yi musu caji. Farfesan ya rasu tun kafin zamanin irin waɗannan babura, amma hanyar da ya bi da wuraren da aikinsa ya cije suna da amfani ga mai son amsa wannan tambaya.

Daga Tasawa zuwa Paris

An haifi Abdou Moumouni Dioffo ranar 26 ga watan Yunin 1929 a garin Tasawa, cikin jahar Maraɗi ta yanzu. Asalin gidansu na Kirtachi ne, a bakin kogin Isa kudu da Yamai, gidan sarauta na Zabarmawa. Ya yi karatun firamare a Damagaram, sannan ya wuce makarantar gaba da firamare a Yamai. A lokacin shiga lekol rabo ne na ƴan ƙalilan, domin har zuwa samun ƴancin kai a 1960 yaran Nijar da ke zuwa makarantar boko ba su kai kashi 5 cikin 100 ba.

A 1944 ya tafi ƙasar Senegal, makarantar William Ponty da ke Sebikotane kusa da Dakar. Nan ne Turawan mulkin mallaka ke tara haziƙan yara daga duk yankunansu na Afirka ta Yamma. Diori Hamani, Boubou Hama, Djibo Bakary da Modibo Keita na Mali duk ta can suka bi. Sai dai makarantar tana da iyaka: an gina ta ne don ta fitar da malaman firamare, akawu da mataimakan likita, wato waɗanda za su yi aiki a ƙarƙashin Bature. Abdou Moumouni bai tsaya nan ba. Ya shiga lisen Van Vollenhoven ta Dakar ya samu bakaloriya, daga nan ya wuce Paris karatun fizik, kimiyyar da ke nazarin haske, zafi, ƙarfi da motsi.

A 1956 ya ci jarrabawar agregasiyon. Gasa ce da Faransa ke shiryawa kowace shekara don zaɓen manyan malamanta, kujerun a ƙidaye suke, kuma ko cikin ƴaƴan Faransawa kaɗan ne ke tsallakewa. Shi ne baƙar fata na farko daga ƙasashen Afirka renon Faransa da ya ci ta a fannin fizik. A wannan shekarar ce kuma Joseph Ki-Zerbo na Haute-Volta, Burkina Faso ta yau, ya ci tasa a fannin tarihi.

Zaman Paris bai tsaya a aji da ɗakin gwaji ba. Yana cikin waɗanda suka kafa FEANF, tarayyar ɗaliban baƙar fatar Afirka a Faransa da aka assasa a 1950, wadda ta zama matattarar masu neman a kawo ƙarshen mulkin mallaka. Yana kuma cikin waɗanda suka kafa jam'iyyar PAI a 1957, jam'iyyar da ta fito fili ta nemi cikakken ƴancin kai a lokacin da yawancin shugabannin siyasa ke ganin lokaci bai yi ba.

Malamin da ya bi Gini

Bayan kammala karatu ya koma Dakar yana koyarwa a lisen da ya yi ɗalibta. Ba a jima ba sai ga ƙuri'ar raba gardama ta 28 ga Satumban 1958, wadda Janar Digol ya bai wa yankunan Afirka zaɓi tsakanin zama cikin tarayya da Faransa ko ɓallewa nan take. A Nijar, Sawaba ta Djibo Bakary ta yi kiran a ce a'a, amma ba ta yi nasara ba. Ginin Seku Ture kaɗai ta ƙi, kuma Faransa ta mayar da martani da kwashe ma'aikatanta, har da malaman makaranta, cikin ƴan makonni.

Wasu matasan masana na Afirka suka bar ayyukansu suka nufi Konakiri don kada azuzuwa su zauna babu malamai. Ki-Zerbo na cikinsu, haka ma marubucin waƙoƙin nan David Diop. Abdou Moumouni ma ya tafi, ya koyar a lisen Donka. Ga mai agregasiyon, wannan tafiya na nufin juya baya ga tabbataccen matsayi da albashi mai tsoka a aikin gwamnatin Faransa.

Daga Gini ya dawo Yamai ya koyar na ɗan lokaci. An haramta Sawaba tun 1959, ƙasa ta koma hannun jam'iyya guda, kuma yanayin bai yi wa masu irin ra'ayinsa daɗi ba. A farkon shekarun 1960 ya tafi Tarayyar Sobiyet, inda ya yi ƴan shekaru yana zurfafa bincike a kan makamashin rana. Masanan Sobiyet a lokacin sun yi nisa a wannan fanni, saboda jamhuriyoyinsu na tsakiyar Asiya irin su Uzbekistan da Turkmenistan suna da hamada, rana mai zafi da ƙauyuka masu nisa da layin wuta. Ɗan Sahel ba zai rasa gane wannan hoto ba.

Rubuce-rubucen 1964

Shekarar 1964 ta fito da fuskokinsa biyu a lokaci guda. A cikinta ne gidan buga littattafai na Maspero da ke Paris ya fitar da littafinsa L'Éducation en Afrique, wanda aka fassara da Turancin Ingilishi bayan shekara huɗu, kuma har yau ana karanta shi a sassan nazarin ilimi na jami'o'in nahiyar. A ciki ya bi diddigin tarbiyyar gargajiya, wadda ke koya wa yaro sana'a da zaman jama'a tare, sannan ya nuna yadda makarantar mulkin mallaka ta raba ɗalibi da harshensa da aikin hannu. Shawararsa ita ce a koyar da yara da harsunan gida, a yaƙi jahilci a tsakanin manya, a kuma haɗa makaranta da abin da ƙasa ke samarwa. Shekara tara bayan fitowar littafin, a 1973, aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram.

A wannan shekarar ta 1964 ce kuma mujallar Présence Africaine ta buga maƙalarsa a kan makamashin rana a ƙasashen Afirka. Lokacin gangar ɗanyen mai ba ta kai dalar Amurka 2 ba, kuma a idon yawancin masu tsara tattalin arziki zancen rana wasan masana ne kawai. Shi kuwa lissafinsa na ƙasa ne mai faɗi wadda mutanenta ke warwatse a ƙauyuka. Jan waya zuwa kowane gari na da tsadar da gwamnati ba za ta iya ba, kai gazuwal ta hanyoyin rairayi ma haka, ga rana kuwa tana isa ko'ina ba tare da kuɗin dako ba.

Littafin da maƙalar tushensu ɗaya. Na'urar da aka sayo daga waje, in babu wanda ya san cikinta a gari, ranar da ta lalace ta zama tarkace. Saboda haka a wurinsa zancen makamashi bai rabu da zancen makaranta ba.

Bamako, sannan gida

Malin Modibo Keita ce ta fara ba shi filin gwada wannan tunani. Daga 1964 ya kafa tare da jagorantar ɗakin binciken makamashin rana na Bamako, yana kuma koyarwa a babbar makarantar horar da malamai ta birnin. A tsakanin haka, a 1967, ya samu digirin dakta na ƙasa a Paris. Binciken da ya fi saninsa a kai a tsakanin masana ya shafi madubai masu siffar kwano, waɗanda ke tattara hasken da ya sauka a kansu su mayar da shi wuri guda har zafin ya kai ɗaruruwan digiri.

A 1969, bayan juyin mulkin da ya kifar da Modibo Keita a ƙarshen 1968, ya dawo gida. Ya karɓi ragamar ONERSOL, ofishin makamashin rana da gwamnatin Diori Hamani ta kafa a 1965, kuma ya riƙe shi har zuwa 1985. Tun tafiyarsa Senegal yana ɗan shekara 15, kusan shekara 25 ke nan mafi yawansu a ƙasashen waje.

Dawowar tasa ta zo daidai da mawuyacin lokaci. Fari ya dabaibaye Sahel daga 1968 zuwa 1974, dabbobi suka mutu, rijiyoyi suka yi nisa. A 1973 farashin mai ya yi tashin gwauron zabi a duniya, abin da ya fi yi wa ƙasa irin Nijar ciwo, tunda duk litar da ta sha sai ta biyo doguwar hanya daga bakin teku. Birane na ƙara girma, iccen girki na ƙara nisa da gari. An fara haƙar uraniyom a Arlit a 1971 ana kai wa tashoshin nukiliyar Faransa, yayin da ita Yamai daga 1976 ta koma dogaro da layin wutar da ya taso daga Najeriya ta Birnin Kebbi. Maganar da ya yi a 1964 ta daina zama wasan masana.

Abin da aka ƙera a ONERSOL

Abin da ya bambanta ONERSOL da ofisoshin da ke ƙarewa a rahoto shi ne ta haɗa ɗakin bincike da maƙera. Ana auna ƙarfin hasken rana a rubuta, ana zana na'ura, ana ƙera ta a Yamai da hannun ma'aikatan gida, a gwada, a gyara.

Wadda ta fi karɓuwa ita ce na'urar ɗumama ruwa. Akwati ne marar zurfi, a ciki an shimfiɗa farantin ƙarfe da aka shafa wa baƙin fenti, tiyo na bi ta jikinsa, an rufe samansa da gilashi. Baƙin farantin na shan zafi, gilashin na hana zafin fita. Ruwan da ya ɗumama ya fi mai sanyi rashin nauyi, don haka da kansa yake hawa zuwa tankin da ke sama, mai sanyi ya gangaro ya maye gurbinsa. Babu famfo, babu waya, babu abin da ke juyawa balle ya lalace. Tankin kuma an naɗe shi da abin riƙe zafi, ta yadda ruwan da rana ta ɗumama da azahar zai kai asuba da ɗuminsa. Ga ɗakin haihuwa ko makarantar kwana a lokacin hunturu, wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne.

An kuma ƙera na'urar tace ruwa, wadda rana ke sa ruwa ya yi tururi, tururin ya taru a jikin gilashi ya gangaro tsarkakakke babu gishiri. Irin ruwan da ɗakunan gwajin asibiti ke buƙata ke nan, shi ne kuma ake zuba wa batirin mota na wancan zamani. Akwai na'urorin busar da amfanin gona da nama, waɗanda ke kare shanya daga ƙura da ƙudaje, a ƙasar da albasa, tumatir da kilishi ke cikin manyan hajojinta. Akwai murhun girki mai madubi.

Aikin da ya fi cin ransa shi ne injin mai aiki da zafin rana, wanda ONERSOL ta ƙera tare da wani kamfanin Jamus. A irin wannan inji, rana na ɗumama wani ruwan sinadari mai saurin tafasa, tururinsa ya tura fistan kamar yadda fashewar mai ke yi a injin mota, sannan a sanyaya tururin ya koma ruwa ya sake zagayowa. Da ƙarfin da aka samu ana iya jan ruwa daga rijiya ko juya janareta.

Mai karatu na yau zai tambaya ina farantan sola da muka sani, masu mayar da haske lantarki kai tsaye. Akwai su a lokacin, har ma an gwada su a Nijar tun ƙarshen shekarun 1960 don kunna talabijin na koyarwa a makarantun ƙauye. Matsalar farashi ce. A 1977 wat ɗaya na irin wannan sola ya haura dalar Amurka 70, kuma a manyan masana'antun ƙasashen waje kaɗai ake iya yin sa. Farantin ƙarfe, tiyo da gilashi kuwa mai walda na Yamai zai iya haɗa su. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni, kuma a kan wannan ma'auni ONERSOL ta fi karkata ga zafin rana.

Inda aikin ya cije

Ba duk abin da aka ƙera ya shiga gidajen jama'a ba. Murhun rana misali ne. A ɗakin gwaji yana tafasa ruwa yadda ake so, amma yana buƙatar mai girki ta tsaya cikin rana tsaka tana juya madubi, alhali tuwon dare bayan la'asar ake ɗora shi, lokacin da rana ta yi sanyi. Tukunyar gidan mutum goma sha biyar ma ba ta zama a kansa yadda take zama a kan duwatsun murhu. Matan gida suka ci gaba da iccensu.

Na'urar ɗumama ruwa kuwa ta yi aiki, amma kuɗin saye a tashi ɗaya ya fi ƙarfin talaka, ga ƙarfe da gilashin daga waje ake shigo da su. Injin zafin rana na da sassa masu motsi da ke son kulawar ƙwararre, kuma kafin ya kai ga yaɗuwa farashin farantan sola ya fara sauka, suka zo suka karɓe aikin jan ruwa.

Sai kuma kuɗi suka janye. Farashin uraniyom ya faɗi a farkon shekarun 1980, baitulmalin gwamnatin Seyni Kountché ya yi ƙasa, aka shiga tsarin tsuke bakin aljihu. A 1986 farashin mai ya karye a duniya, ƙasashen da ke ba da tallafin binciken makamashin rana suka juya baya. Cibiyoyi irin ONERSOL a nahiyar duk sun ji a jikinsu. A 1998 aka mayar da ita CNES, cibiyar makamashin rana ta ƙasa, daga baya kuma ta zama hukumar ANERSOL ta yanzu.

Jami'a da ƙarshen rayuwa

Duk tsawon wannan lokaci bai bar alli ba. Ya koyar da fizik a tsangayar kimiyya ta jami'ar Yamai, kuma a 1979 aka naɗa shi shugaban jami'ar, muƙamin da ya riƙe na ƴan shekaru a haɗe da jagorancin ONERSOL. Hukumomin duniya irin su UNESCO sun riƙa neman shawararsa a kan makamashi. Da yawa daga cikin injiniyoyi da malaman kimiyya da suka riƙe ƙasar a shekarun baya ta ajinsa suka bi.

Ya rasu a Yamai ranar 7 ga watan Afrilun 1991, yana da shekara 61, watanni kaɗan kafin buɗe babban taron ƙasa da ya mayar da Nijar kan tafarkin jam'iyyu da yawa. Shekara guda bayan haka aka raɗa wa jami'ar sunansa. Ranar rasuwarsa ce kuma ƙasar ta ware a matsayin ranar makamashi mai sabuntuwa.

Moto mai batir da tambayar caji

Abin da ya hana shi dogaro da farantan sola yau ya kau. Farashinsu ya faɗi da kusan kashi 90 cikin 100 a tsakanin 2010 da 2020 kaɗai. Nijar ta buɗe tashar sola mai megawat 7 a Malbaza cikin jahar Tawa a 2018, sannan mai megawat 30 a Gorou Banda kusa da Yamai a 2023. Amma dalilan da suka sa ya fara aikin suna nan. Kusan mutum ɗaya cikin biyar ne ke da wutar lantarki a ƙasar. A watan Agustan 2023, lokacin da Najeriya ta katse layukanta bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, kusan kashi 70 cikin 100 na wutar da Nijar ke sha daga can take zuwa, kuma kowa ya tuna yadda Yamai, Maraɗi da Damagaram suka kwana cikin duhu da zafi. Ta fuskar mai ma, cire tallafi a Najeriya a watan Mayun 2023 ya sa ruwa-ruwa ta daina araha, kuma duk da matatar SORAZ mai tace ganga 20,000 a rana, an ga dogayen layuka a gidajen mai a watan Maris na 2025.

Ƙasashen da suka yi gaba a harkar ababen hawa masu batir suna da abin da suka dogara da shi. Habasha, wadda ta hana shigo da ƙananan motoci masu shan mai a 2024, tana da manyan madatsun ruwa. Kenya na samun kusan kashi 90 cikin 100 na wutarta daga zafin ƙarƙashin ƙasa, ruwa da iska. A Nijar madatsar Kandaji ba ta kammala ba, kuma wani sashe mai yawa na wutar da ake samarwa a gida daga gazuwal da gawayin ƙasa yake fitowa. Moton da aka yi wa caji da wutar janareta, gazuwal ya sha ta bayan gida. Wanda aka jona a layin da ke ɗaukewa kuwa, mai shi zai wuni a zaune.

Lissafin rana ba shi da wuya. Kowane murabba'in mita na ƙasar Nijar na samun tsakanin kilowat-awa 5 zuwa 7 na hasken rana a wuni. Farantin sola mai wat 400 na iya ba da kusan kilowat-awa 2 a rana. Batirin irin baburan haya da ake gani a Kwatano, Lome ko Kigali na ɗaukar wajen kilowat-awa 3, yana kuma kai mutum kimanin kilomita 70 zuwa 80. Ke nan faranti biyu sun isa cika batir ɗaya a wuni. In ƴan kabu-kabu 20 ne a tasha guda, kowanne na cinye batir biyu a rana, ana buƙatar kilowat-awa 120, wato faranti 65 zuwa 70 in an sa asarar da ake yi a waya da na'urar caji. Rumfar da ba ta wuce murabba'in mita 150 ba za ta ɗauke su, kuma ƙarƙashinta inuwa ce ga masu jiran fasinja.

Sauran matsalar ita ce wadda ONERSOL ta yi ta fama da ita: rana na faɗuwa, buƙata ba ta faɗuwa. Maganin da aka samu a wancan lokaci shi ne ajiye abin da rana ta yi, ruwan zafi a tanki mai riƙe ɗumi, ruwan rijiya a tankin sama. Tsarin musayar batir da kamfanoni irin Spiro a Benin da Togo ko Ampersand a Ruwanda ke amfani da shi, a kan wannan dabara yake. Batura na zaune a tasha suna shan caji, ɗan kabu-kabu ya zo ya ajiye wanda ya ƙare ya ɗauki cikakke cikin ƴan mintoci. In aka haɗa irin wannan tasha da sola, cajin rana tsaka ne zai yi aikin dare. Tunda kuma batirin, wanda shi ne mafi tsada a jikin babur, na tashar ne, kuɗin saye na sauka ga matuƙi. Wannan shi ne shingen da na'urar ɗumama ruwa ta kasa tsallakewa.

Darasin murhun rana ma yana nan. Na'urar da ta yi kyau a takarda sai ta dace da yadda mutane ke rayuwa da yanayin da za ta zauna a ciki. Ƙarfin da aka rubuta a bayan faranti an auna shi ne a zafin digiri 25, kuma kowane digiri da ya ƙaru na rage masa kusan kashi 0.4 cikin 100. A watan Afrilu, lokacin da iska kanta ke haura digiri 40, jikin farantin na iya wuce 65. Ƙurar hunturu na rufe gilashi in ba a share ba. Batirin litiyom na saurin tsufa a cikin zafi, marar inganci kuma na iya kamawa da wuta. Ɗan kabu-kabun Maraɗi na ɗaukar mutum biyu da buhu a kan hanyar rairayi, nauyin da ba lallai ne wanda ya zana babur ɗin a wata nahiya ya sa a lissafi ba. Duk waɗannan abubuwa ne da sai an auna su a nan, kamar yadda ONERSOL ta riƙa auna rana kafin ta yanka ƙarfe.

Wannan aiki yana da masu shi. Ga ANERSOL, ga jami'ar da ke ɗauke da sunansa, ga jami'o'in Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi, André Salifou ta Damagaram da Djibo Hamani ta Tawa, waɗanda babu su a zamaninsa. Ana buƙatar wurin da za a gwada batura da farantan da ke cika kasuwanni kafin a sayar wa jama'a, da horar da masu gyaran moto na bakin titi su san waya, na'urar caji da injin lantarki kamar yadda suka san kafireto, da tsarin tattara matattun batura kada su ƙare a bola.

Ga ƴan ƙasar da ke ci-rani a Aljeriya, Libiya, Abijan, Akara ko Turai, maganar ta shafi aljihu kai tsaye. Da yawansu moto suke saya wa ƙane ya yi haya ya riƙe gida, kuma sun san cewa kaso mai yawa na abin da yaron ya samu a wuni a kwalbar mai yake ƙarewa. Kafin a aiko da kuɗin babur mai batir, ya kamata a san inda za a yi masa caji ranar da aka ɗauke wuta, da wanda zai buɗe shi a garin ranar da ya tsaya. Wasu daga cikin ƴan ci-ranin ma aikin lantarki da haɗa sola suke yi a can, kuma irin hannun da tashar caji a Tasawa ko Ƙonni za ta buƙata ke nan. Abdou Moumouni ma ya yi zaman Dakar, Paris, Konakiri, Tarayyar Sobiyet da Bamako, kafin ya dawo yana ɗan shekara 40 da abin da ya koyo ya buɗe maƙera a Yamai.

Allah ya jiƙansa da rahama.